Gwangwanayen Gonar Baba

Asabar, 11 ga Afrilu, 1992

Yau garin nan ya haukace. Wai Tarwaɗa za ta buga wasanta na farko a rukuni na ɗaya na gasar jiha. Tarwaɗa fa! Ƙungiyar da masunta da manoman shinkafar Tudun Fannami suka harhaɗa a filin firamare, wadda har bara ragarta tsohuwar komar kamun kifi ce. Ita ce wai za ta kara da 'yan Dutse da Gumel da Kazaure. To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai ban je ba.

Ƙanena Ja'afaru ne golansu. Da safe ya shigo gaida Iya sanye da wata riga mai ruwan ɗorawa har gwiwa. Iya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan kuma buhun na wane ne?" Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Baba ya rasu bara, ruwa bai hau fadama sosai ba, rumbunmu har an fara ganin ƙasansa, shi kuwa wannan ƙaton abin da ya dame shi safar hannu.

An ce sun ci 'yan Jahun ɗaya da nema. An ce.

Laraba, 22 ga Afrilu

Malam Habila ya zo gida bayan la'asar. Mutumin Filato ne, shi ke koyar da 'yan aji shida, shi ne kuma kocinsu. Mutumin kirki ne wallahi, in ka cire masa wannan ciwo na ƙwallo. Ya zauna a kan tabarma, ya sha ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, "Malam Bunu, ƙanenka yana da hannu."

Na ce na sani, ni na koya masa riƙe fartanya da shi.

Ya ce a'a, shi jifa yake nufi. Wai in Ja'afaru ya wurga ƙwallo da hannu sai ta wuce tsakiyar fili, bai taɓa ganin irin haka ba ko a Jos. Na kusa yin dariya. Ina abin mamaki? Yaron da ya tashi a kan rumfar gona yana korar jan baki da majajjawa tun bai iya ɗaura wando ba. Tsuntsu ne ya horar da shi, ba Habila ba. Ban dai faɗa masa ba, kada ya ɗauka yabo nake yi.

Lahadi, 10 ga Mayu

Yau na yi abin da na daɗe ina son yi. Na tara mu a ɗakin Iya, ni da Ja'afaru.

Na ce masa ya dubi lamarin da idon basira. Ni malamin gona ne, Litinin zuwa Juma'a ina kan keke ƙauye-ƙauye, ina faɗa wa mutane yadda za su yi da gonakinsu. Matata Bintu tana da ciki. Iya ƙafa ta ƙi. Gonar shinkafar Baba ita ce abincinmu na shekara, kuma in shinkafa ta fitar da kai, dole mutum ya kwana ya wuni a kanta saboda jan baki. Su kuma tsinannun tsuntsayen nan sau biyu suke sauka, da sassafe da kuma la'asar. La'asar kuwa ita ce lokacin ƙwallo. Wa zai tsare?

Ya ce, "Ni zan tsare, Yaya. Ranar wasa kaɗai za ka karɓe ni, ai Asabar ce, ba ka aiki."

Na ce to na ji. Amma ya yi alkawari a gaban Iya: in tsuntsu ya ci shinkafar nan saboda ƙwallo, ya bar ƙwallo ke nan har abada. Ya dubi ƙofa har na zaci zai tashi ya fita. Sai ya ce, "Na yi alkawari."

Iya ta ce, "Bunu, ka cika tsanani." Na ce tsananin ne zai ciyar da mu.

Asabar, 23 ga Mayu

Gumel uku, Tarwaɗa ba ko ɗaya. Madalla. Wataƙila hankali ya dawo gida.

Lahadi, 24 ga Mayu

Ja'afaru bai ci tuwo ba jiya, yau ma ya ture koko. Bintu ta ce in je in yi masa magana. In ce masa me? Na dai bar masa gasasshen kifi a bakin ƙofa, na ce Iya ce ta aiko.

Talata, 16 ga Yuni

Ruwa mai kyau daren jiya. Mun yafa iri yau, na ɗauki hutun kwana ɗaya. Gaskiya ɗaya ce, yaron ya yi aiki. Ya riga ni zuwa gona, ya bar ta bayana, sannan ya wanke ƙafa ya ruga atisaye. Ban san inda yake samo ƙarfin ba.

Da muka huta a gindin tsamiya ya ce, "Yaya, ka zo ka ga wasa ɗaya mana." Na ce in na ga ƙato yana birgima a ƙasa don ya kama fatar da aka hura wa iska, me zan ƙaru da shi? Ya ce, "Ko don ka yi dariya." Na tashi na koma aiki.

Asabar, 4 ga Yuli

Sun ci Kafin Hausa biyu da ɗaya, can a gidansu. Ba tambaya na yi ba, a bakin masallaci na ji.

Asabar, 8 ga Agusta

Ruwa ya iso, alhamdu lillahi! Kogi ya cika ya tumbatsa, fadama ta zama fari fat, garinmu ya koma tsibiri kamar kowace shekarar alheri. Bana ruwan ya fi na bara nesa ba kusa ba. Shinkafa tana bin sa tana tashi.

Abin dariya. 'Yan Kazaure sun zo wasa, motarsu ta tsaya a bakin ruwa, dole aka ɗebo su a kwalekwale. Shu'ibu masunci ne ya tuƙo su, shi ne kuma shugaban masu goyon bayan Tarwaɗa, mai baki kamar lasifika. Ya rantse min shi bai girgiza jirgin da gangan ba. Na san ƙarya yake. Golansu ya iso fili yana riƙe da ciki, takalmansu a rataye a wuya, suna ta salati. Huɗu aka zura musu.

Na gan su ne don hanyar gona ta bi ta bakin ruwa. Ba tsayawa na yi ba.

Laraba, 19 ga Agusta

Na shiga Haɗeja kai rahoto ofis. Wani mai shayi a bakin kasuwa ya ƙura min ido ya ce, "Malam, ba kai ne yayan golan Tarwaɗa ba?" Ikon Allah. Shekara nawa ina zaga ƙasar nan ina koya wa mutane zuba taki, ba wanda ya taɓa sanin sunana. Yau na zama yayan gola. Ya ƙi karɓar komai a hannuna, har da ƙarin burodi. Na ci, amma raina a ɓace.

Lahadi, 30 ga Agusta

Rediyo ta ambaci Tudun Fannami. Bintu ce ta ji, ta ƙwala min kira kamar gobara ta tashi. Mai labarin wasanni ya ce ƙaramar ƙungiyar masunta ita ce ta biyu a teburi, Dutse kaɗai ke gabanta. Iya ta sa aka kawo mata rediyon ta rungume, tana jira a sake faɗa. Ba a sake ba. Ta ce, "Tun da aka kafa garin nan, in ba ambaliya ba, an taɓa faɗarmu a akwatin nan?"

Ba a taɓa ba. Wannan kam gaskiya ne.

Asabar, 12 ga Satumba

Shinkafa ta fara ciki. Mun kafa rumfa a tsakiyar gona, mun ja igiyoyi zuwa kusurwa huɗu, mun rataya gwangwanaye. Na Baba ne, ya yi shekaru yana tara su: na madara, na tumatir, na kifi, kowanne da 'yan tsakuwa a ciki. In kana kan rumfa ka ja igiya ɗaya, gonar gaba ɗaya sai ta ɗauki ƙara. Da Ja'afaru ya gwada, sai na ji kamar Baba ne zai leƙo daga bayan tsamiya ya ce mun ɗaure ba daidai ba.

Yau babu wasa, suna hutu.

Asabar, 26 ga Satumba

Yau na fara karɓar Ja'afaru a tsaron gona. Ina kan rumfa da la'asar sai na lura gonakin da ke gefena sun yi tsit. Ba igiya, ba gwangwani, ba mutum. Can kuma daga wajen firamare sai na ji wata irin ƙara kamar duk tsuntsun duniya ake kora.

Ashe Shu'ibu ne da mutanensa! Wai ganga ɗaya ba ta isa ba, sai suka bi gonaki suka kwance gwangwanayen tsaro, suka kai fili suka kewaye shi da su. Duk sanda baƙi suka taɓa ƙwallo sai a ja igiya. An ce ɗan wasan Ringim ɗaya har ya toshe kunne ya bar ƙwallo ta wuce.

Sun ci biyu. Jan baki kuma ya ci gonar Shu'ibu da ta maƙwabtansa biyu, ina kallo, ba yadda zan yi, muryata ba ta kai can. Inna lillahi. Mutum da hankalinsa ya tuɓe wa gonarsa riga ya tafi rawa!

Litinin, 28 ga Satumba

Taro a ƙofar Mai gari. Ni na fi kowa ɗaga murya, kuma ban yi nadama ba. Na ce wannan ba son gari ba ne, hauka ne. Na ce duk wanda ya kwance gwangwani daga gona ya kai filin ƙwallo, to ya shirya ya dafa ƙwallon ya ba 'ya'yansa. Aka yi dariya, Shu'ibu ya sunkuyar da kai. Mai gari ya kafa doka: daga yau har a gama girbi, gwangwani ba ya barin gona.

Malam Habila ya tare ni a hanya ya ce ya goyi bayana ɗari bisa ɗari, shi bai san da shirin ba. Na yarda da shi. Ya ce, "Yunwa ba ta buga ƙwallo, Malam Bunu." Ka ji mai hankali.

Asabar, 10 ga Oktoba

Kan rumfa kuma. Abin haushi, yanzu ina gane wasan da kunne ba tare da na gani ba. In aka yi "Haaa!" gajere, an ɓarar ne. In aka yi shiru sannan ihu ya fashe da tafi, to Ja'afaru ya kama wata. In ihun ya ƙi ƙarewa har mata suka sa guɗa, an ci. Yau guɗa sau biyu.

Ban bar igiya ba ko sau ɗaya. Tsuntsu ya zo ya koma.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Ja'afaru ya rame. Asuba yana kan rumfa, muryarsa duk ta dishe da ihu. Atisaye ma yanzu da tsakar rana suke yi masa shi kaɗai, lokacin da tsuntsu ke hutawa a cikin ciyawar kacalla. Habila ke zuwa da kansa bayan an tashi makaranta, ya yi ta buga masa ƙwallo a kan gaɓa, rana tana dukansu. Na gan su yau da na dawo da wuri. Na tsaya bayan tsamiya. Wata ƙwallo da ya tashi sama ya cafke, wallahi sai da na ji bakina ya ce "Kai!"

Ba su gan ni ba.

Lahadi, 25 ga Oktoba

Kunnen doki a Birnin Kudu, Dutse kuma ta yi tuntuɓe a wani wurin. Yanzu mu ne a sama da maki ɗaya. Su ne a sama, nake nufi. Saura wasa ɗaya, ranar Asabar, a nan gida, da Dutse ɗin kanta. Ko canjaras aka yi kofi ya zauna a Tudun Fannami.

Shinkafa ta sunkuya, ta yi ja, amma ba ta isa yanka ba. Sai ta ƙara kamar mako biyu da 'yan kwanaki. Wannan ne lokacin da tsuntsu ya fi sonta. Bana kuma sun yi yawa, jiya da yamma na ga sun taso daga gabas har rana ta dushe.

Juma'a, 30 ga Oktoba

Bayan masallaci ya same ni ya ce, "Yaya, tsuntsun nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. In ka ce in zauna gobe, zan zauna."

Na ga idonsa. Da gaske yake, kuma da na ce zauna da ya mutu a tsaye. Na ce masa ya tafi ya yi birgimarsa, ni ba yau na fara korar tsuntsu ba. Na ce gona tana hannuna, ko ƙwaya ɗaya ba za ta yi ciwon kai ba.

Iya ta tofa masa addu'a a safar hannu. Bintu da cikinta haihuwa yau ko gobe ta ce sai ta je. Oho dai.

Lahadi, 1 ga Nuwamba

Ban san ta inda zan fara ba. Bari in rubuta yadda ya faru, ko na huta.

Jiya tun azahar ina kan rumfa. 'Yan Dutse sun zo da mutane mota biyu, da begila da manyan ganguna irin na fareti. Tun daga gona nake jin su. Da aka fara wasa, muryarsu kaɗai ke tashi. Namu fa? Ganga ɗaya ta Shu'ibu, ita ma kamar ana buga ƙwarya a cikin rijiya. A garinmu, a filinmu, baƙi sun rufe mana baki. Kuma ni na jawo, da dokata ta gwangwani.

Sai na ji ihu ya fashe, ba guɗa a ciki, sai begila. An ci mu.

Na zauna. Na tashi. Na ja igiya ba tsuntsu ko ɗaya. Na ce wa kaina ina ruwanka, Bunu, ai haka kake so, gobe yaro ya dawo gona da hankalinsa. Na faɗa da ƙarfi ma. Amma abin da nake gani a idona shi ne yaron nan a tsaye cikin raga shi kaɗai, da rigarsa mai kama da buhu, da muryarsa da ta dishe a kan gonata, baƙi suna yi masa ihu a ka, ba mai amsa masa. Shi ya tsare min shinkafa wata ɗaya da rabi bai yi fashi ba. Ni me na taɓa tsare masa?

Na dubi gabas. Sama fes, ba komai. Na ce sa'a ɗaya ce, wataƙila yau sun sauka wani wurin. Ni, malamin gona, na faɗi wannan.

Wallahi ban san lokacin da na kwance igiyoyin ba. Duka huɗun. Na naɗe su a kafaɗa da gwangwanayen Baba, na faɗa cikin taɓo ina gudu, ina ƙara kamar jakin mai tallan kwanoni. Takalmina ɗaya yana can har yanzu.

Da na iso an dawo daga hutun rabin lokaci. Mutane suka dare. Shu'ibu ya saki baki ya ce, "Malam Bunu, dokar Mai gari fa?" Na ce, "Kama nan ka ɗaure a jikin bishiyar maina, sarkin surutu!" Mai gari kansa yana zaune a kujerarsa, ya dube ni, ya kau da kai kamar bai gani ba. Muka ja igiya daga bishiyar maina zuwa bayan ragarmu. Na ja. Jama'a! Sai garin ya farka. Mata suka sa guɗa ba a ci komai ba, tsofaffi suna yin ihun korar tsuntsu, begilar nan ba wanda ya sake jin ta.

Ja'afaru ya waiwayo. Ya ga gwangwanayen, ya gane su, ya gan ni. Na ga fuskarsa ta canza, na san abin da ya tuna. Na daka masa tsawa na ce, "Dubi gabanka!"

Sun matsa mana, ba ƙarya. Ya kama ta sama, ya kama ta ƙasa, wata ya ture da yatsa. Lokaci yana ta tafiya. Can suka sami bugun kwana, aka bugo, ya tashi a tsakiyar ƙattai ya cafke. 'Yan Dutse duk sun taho gabanmu, sai na hango Markus, ɗan gaban nan siriri ɗan ma'aikaciyar asibiti, shi kaɗai a tsakiyar fili. Ban san na iya ƙwallo ba sai da na ji ina kururuwa, "Majajjawa, Ja'afaru! Majajjawa!"

Ya juya hannun nan sau ɗaya ya saki. Ta wuce kan kowa ta faɗi a gaban Markus. Sauran ban gani sosai ba, don wani ya hau bayana. Na dai ga raga ta motsa.

Ɗaya da ɗaya. Haka aka tashi. Kofi namu.

Na rungumi Habila, na rungumi Shu'ibu mai ƙarnin kifi, an ce har rawa na yi, wannan kam ban yarda ba. Ina cikin haka na ɗaga kai wajen fadama. Sai na gan su. Baƙi ƙirin, suna sauka suna tashi a daidai tsamiyarmu.

Na yi gudu, amma gudun me? Duk gonakin da ke kewaye da masu tsaro da gwangwanayensu, saboda dokata. Tawa ce kaɗai ta yi shiru, duk suka taru a kanta. Maƙwabci ya yi iya ihunsa daga rumfarsa. Gefen gabas sun bar min kara tsaye. A idona, sulusi ya tafi, ko ya ɗan fi.

Na zauna a kan gaɓa har magariba. Ina jin guɗa daga gari. Abin da ya fi ba ni tsoro, na nemi baƙin cikin a raina na same shi, amma bai kai yadda ya kamata ya kai ba.

Litinin, 2 ga Nuwamba

Da hantsi Ja'afaru ya shigo ɗakin Iya, ina zaune. Ya durƙusa ya ajiye safar hannunsa da rigar nan a gabanta, a ninke. Ya ce, "Iya, tsuntsu ya ci shinkafa saboda ƙwallo. Na cika alkawari."

Ba gatse a muryarsa, da ma da gatse ne da ya fi min sauƙi. Shekaranjiya aka zaga da shi gari a kafaɗa, yau ga shi.

Iya kuwa ni ta zuba wa ido. Kai, tsohuwar nan.

Na ce masa ya kwashe tsummokaransa daga gaban mutane. Ya ce alkawari alkawari ne, Yaya. Na ce wa ya ɗaure ka? Ya ce kai. Na ce to ni na kwance ka. Na ce shi ya tsare rabonsa bai bar ƙwaya ta faɗi ba, wanda ya bar rumfa yana nan zaune da takalmi ɗaya.

Ya ce, "To abincin fa?" Na ce in ruwa ya janye za mu sa wake da alkama a gefen da aka cinye, ƙasar tana da danshi, za ta rufe mana wani abu. Sauran kuma a rage cin tuwo, musamman masu manyan hannuwa.

Iya ta tura masa safar da ƙafa ta ce, "Ɗauki, kafin yayanka ya sa ta ya shiga raga da kansa."

Laraba, 4 ga Nuwamba

Na je na ba Mai gari haƙuri a gaban jama'a. Shu'ibu ya ce in shirya in dafa ƙwallo in ba iyalina. Na cancanta. Na mayar da gwangwanaye gona, uku sun ɓace a fili.

Asabar, 14 ga Nuwamba

Gayya. Ban kira kowa ba, da asuba na ji hayaniya a ƙofar gida. 'Yan Tarwaɗa ne gaba ɗaya da laujensu, har da Markus da bai taɓa yankan shinkafa ba, ya yanke yatsa tun kafin rana ta yi zafi. Habila ya naɗe wando yana ɗaurin dami, yana ba da umarni kamar a fili. Sun ajiye kofin a kan rumfa wai ya yi gadi. Kafin la'asar an gama tawa, aka wuce ta Shu'ibu aka tattara abin da ya saura. Na bi su.

Abin da muka samu ba zai kai mu damina ba sai da dabara. Amma ya fi na bara.

Alhamis, 19 ga Nuwamba

Bintu ta sauka lafiya, namiji. Ja'afaru ya duba hannunsa ya ce gola ne. Na kore shi daga ɗakin.

Lahadi, 6 ga Disamba

Wake ya tsiro. Habila ya ce baɗi za a fara da wuri, kuma za su je wasa har wajen jiha. Na ce masa ni ba ruwana, amma in ya ga dama ya roƙi masu tsara gasar su gama kafin shinkafa ta fitar da kai, zan rubuta masa watannin.

Na shiga Haɗeja yau. Mai shayin nan ya tara min gwangwanayen madara, na ce masa na cike gurbin ukun da suka ɓace ne. Buhu guda ya ba ni, na karɓa. Na zauna a tsakar gida ina huda su ina zuba tsakuwa, na Baba a gefe ɗaya, sababbi a gefe ɗaya da tasu igiyar daban.

Bintu ta leƙo da yaro a kafaɗa ta ce, "Malam, gona ɗaya gare mu. Wannan igiya ta biyun ta wace gonar ce?"

Na ce ta shiga ciki, iska tana kaɗa yaron.